Tabarmar da Goggo Mero ta Shimfiɗa

Yabo da girma su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jin kukan wanda bakinsa ya kasa buɗuwa, wanda ya aiko Yesu Almasihu domin ya sulhunta bayi da Mahaliccinsu. Ya Ubangiji, ka daidaita harshenmu bisa gaskiya, ka tsare mu daga gaggawar da ke ɓata alheri. Amin.

A garin Goronyo an yi wani dattijo mai suna Istifanus, mutumin ƙasar Zuru, wanda aikin allurar dabbobi ya kawo shi tun zamanin da ake ginin madatsar ruwa. Ya tsufa a aikin, ya yi ritaya, bai koma gida ba. Fulanin da ke rugage tsakanin Boyekai da bakin gulbin Rima ba su san shi da wani suna ba sai Likita, manoma kuwa shi ke duba musu shanun huɗa da jakai. Kirista ne, cikin 'yan tsirarun da ke taruwa ran Lahadi a wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano a gefen gari. Cikin dukan abin da Almasihu ya koyar, babu wanda ya zauna masa a zuciya kamar albarkar da aka yi wa masu sulhunta mutane. Ya ɗauki wannan a matsayin kiran da Allah ya yi masa shi kansa. Sau da yawa saniya ta yi ɓarna a gona, ya shiga tsakani, aka rabu ana dariya.

A wata bazara sai aka yi abin da ya fi ƙarfin dariya. Akwai wani ƙauye na masu noman rani kusa da Rimawa, ana ce masa Tungar Maje. Burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya ya daɗe da shigewa cikin fangalin albasa da tafarnuwa, kowace shekara ana ɗan ƙara cinye shi, har ya rage bai fi hanyar akuya ba. Ja'afar, ɗan Ardo Sajo na fari, ya koro garke zuwa ruwa, shanu suka tattake tafarnuwar Sarkin Noma Abdulmutallib. Samarin Tunga suka yi masa ca, Zaharaddeen ɗan Sarkin Noma na gabansu, da sanduna da ƙotocin fartanya. Da suka ga ya daina motsi suka watse. An ɗauke shi za a kai asibiti, rai ya yi halinsa a hanya.

Tsoro ya sauka a Tunga. Kowa ya san yadda ƙasar ta zama: in aka taɓa Bafillace, akwai mutanen daji masu bindiga da ke jiran a kira su. 'Yan sa-kai na ƙauyukan kewaye suka fara taruwa a Tunga, magana ta tsaya a kan gara su riga faɗa wa rugar Sajo kafin rugar ta kira musu baƙi.

Istifanus na ɗaure jakar allurarsa a bayan babur, matarsa Afiniki ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Baban Rahila, ina za ka?"

"Rugga."

"Ina ruwan biri da gada? Musulmi sun kashe Musulmi. Suna da limamai, suna da hakimi, suna da 'yan sanda. Mu nawa muke garin ga? Ko cika mota guda ba mu yi."

"Ba a ce muna mu sulhunta Kirista da Kirista kaɗai ba, Afiniki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta..."

"Shafa ma naka ruwa anka ce! Ba a ce ka tura hannu cikin wutar ba. Kai ko gemun kirki ba ka da shi."

Ya yi murmushi, ya roƙe ta ta yi masa addu'a, ya tayar da babur.

Ya iske Ardo Sajo zaune a gindin wata aduwa yana tufkar igiya. Abokai ne na shekaru masu yawa, sun sha nono a ƙwarya ɗaya. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi shanu, aka tambayi zafin rana. Can gefe Zayyanu, ƙanen mamacin, ya dogara da sandarsa yana kallon ƙasa.

"Ardo, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya, Likita."

"Mutanen Tunga suna cikin tsoro, tsoro kuwa shina sa mutum hauka. 'Yan sa-kai sun taru. Ina son in kai musu magana daga bakinka. Mi za ni hwaɗa musu?"

Sajo bai ɗaga ido daga igiyar ba. "Ba komai, Likita. Wanda yab ba da shi yak karɓi abinai. Ni mi nika da shi ciki?"

"Ba komai, Ardo?"

"Ba komai. Taso ka duba min karsanag ga, tun jiya ba ta ci ba."

Istifanus ba baƙo ba ne. Ya san kunyar ɗan fari a wurin Fulani: uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa dariya a gaban mutane. Tun da aka haifi Ja'afar bai taɓa jin sunan ya fito daga bakin Sajo ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Wani abu a zuciyarsa ya ce masa ya dakata, ya leƙa wajen bukkokin mata, ya ƙara tambaya. Amma rana ta karkata, bindigogi na Tunga ana ɗura musu albarushi, ga shi kuma an miƙo masa kalmar da yake ƙishirwar ji. Ya yi wa karsana allurar ciwon hanta, ya hau babur da sauri kamar wanda ya tsinci abu yana tsoron mai shi ya waiwayo.

A ƙofar masallacin Tunga ya iske taron. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da Sarkin Noma, ya ce daga ruga yake.

"Ardo ya yahe," in ji shi.

Ba haka Ardo ya ce ba. Amma a kan hanya Istifanus ya juya kalmar a bakinsa, ya ga "ba komai" ba za ta iya sauke bindiga ba, sai ya ƙara mata nauyi kaɗan. A ganinsa duk abu ɗaya ne.

Zaharaddeen ya yi tsaki. "Ashe yanzu coci ka raba muna shari'a? Wa ma yak kira ka?"

"Ruhe min baki, marar kunya!" in ji Abdulmutallib. "Mutumin ga shina yi ma shanun gidanmu allura tun kana cikin tsumma. Wace tsiya ta jawo muna wanga bala'i in ba kai ba?" Ya juyo. "Likita, da bakinai yac ce?"

"Da kunnena nij ji."

"Ka rantse?"

"Mu an hana mu rantsuwa, Sarkin Noma. I ɗinmu i, a'a ɗinmu a'a. Ka taɓa kama ni da ƙarya?"

Babu wanda ya taɓa. Liman ya ɗaga hannu aka yi fatiha, Istifanus ya sunkuyar da kai ya yi tasa addu'ar a zuci. 'Yan sa-kai suka rataya bindigoginsu suka koma ƙauyukansu. Ran Lahadi a majami'a katikis, mai jagorantar sujada, ya ambaci sunansa a gaban jama'a, ya ce ga wanda ya aikata abin da sauranmu ke karantawa. Istifanus ya yi waƙa a ranar har muryarsa ta dishe. Afiniki ma ta ƙara masa nama a miya.

Tun da an yafe, babu wanda ya taka daga Tunga zuwa ruga. Me za a je yi? Tono abin da aka binne? Aka cire albasa, manyan motoci suka zo lodi. Aka yi sadakar bakwai a ruga, Tunga ba ta ma sani ba. Bayan nan aka ɗaura auren wata yarinya a Tunga, aka yi kiɗa, iska ta kwashi amon ganga ta kai har gindin aduwar Sajo.

Da Istifanus ya koma duba karsanar, sai wata mata ta ce masa Goggo Mero na kira. Mero yayar Sajo ce, tsohuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ya iske ta zaune a gefen wata babbar tabarma sabuwa, ita kaɗai, ga ƙwarya an rufe da faifai. Tabarmar za ta ɗauki mutum goma, amma ita ta takure a bakin gefe kamar baƙuwa.

"Zamna ƙasa, Likita. Wagga ba taka ta ba." Ya zauna a ƙasa. "An ce kai kak kai ma Haɓe magana."

"Ni na, Goggo."

"Wa kat tambaya?"

"Ardo."

Ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. "Sajo! Shekara nawa kana shan nononmu, kai ko? Ka taɓa jin Sajo ya kira sunan yaron? Ko gawa tai bai duba ba, ya zagaya bayan shanu. Sajo ko wuƙa na cikin cikinai kat tambaye shi ɗan hwari, ba komai za shi ce ma. Mi kaka so shi ce? Shi yi kuka gabanka kamar Kaɗo?"



"Ranad da anka yaye Ja'afaru anka aza min shi bisa cinya," in ji ta. "Ni nir rene shi. Ni nib ba shi saniya tai ta hwarko. Ja'afaru nawa na. Ni ad da yahewa, ba Sajo ba. Ba ko diyya nika so ba, mi za ni yi da kuɗɗi, in ci da wane haƙori? Kullum sahe ina shimhiɗa wagga tabarma, in dama hura. In ga babbansu ya zo ya zamna nan, shi ce, Mero, mun yi ɓanna. Shi ke nan. Sai in kira Zayyanu in ce mai aje sanda, an gaishe mu. Yanzu mi za ni ce mai? Sun kashe mutum sun yi kiɗi."

"Goggo, laihina na. Su sun aza..."

"Ban tambaye ka laihin wa na ba. Ina riƙe da Zayyanu da igiya ruɓaɓɓa. In kana da abin yi, tashi ka yi."

Daga nan bai biya gida ba, ya wuce Tunga. Ya iske Abdulmutallib a fadama yana tsaye kan masu ɗinke buhuna, ya ja shi gefe, ya gaya masa gaskiya tsirararta: Ardo "ba komai" ya ce, shi ya mai da ita yafewa, mai yafewar kuwa tana can tana jira.

Sarkin Noma ya daɗe yana kallonsa. "Kai da kac ce i ɗinku i?"

Ya girgiza kai, ya ci gaba da magana.

"Ka san abin da kaka nema gare ni? In tahi in ce mun yi ɓanna, na hwaɗi da bakina ɗana ya kashe mutum. Gobe 'yan sanda su zo da maganata su ɗauke shi. Kuma in ce ma mutanen gari mi? Wanda yas sa munka kori 'yan sa-kai ƙarya yay yi?"

"Ka ce musu hakanan. Ni ka aza ma kunyar, na ɗauka. Amma ka zo."

"Bari a ƙare lodi."

Aka ƙare lodi, ya ce bari a sallami 'yan ƙwadago. Aka sallame su, ya ce ƙafarsa na ciwo. Kullum Istifanus na zuwa ya zauna a zaurensa, ba ya roƙo da yawa, ba ya kuma tafiya. Samari na wucewa suna yi masa habaici, wai likitan jakai ya koma alƙali. A gida kuwa barci ya ƙaurace masa, addu'arsa ta koma kalma ɗaya, Ubangiji ka riƙe Zayyanu.

Abdulmutallib mutum ne mai tsoron Allah, jinin da aka zubar a gonarsa bai bar shi ya sake ba. Wata safiya ya fito da farar riga, riƙe da ƙunshin goro, ya ce a aza buhun gero a bayan wani babur. Zaharaddeen ya tare ƙofa.

"Baba, gun Hillani za ka? Ka durƙusa ma tsohuwa?"

"Kai kaɗ ɗaura min wanga kaya, ni ka sauke shi. Kauce."

Ya hau bayan Istifanus suka tafi.

Tabarmar na nan a shimfiɗe. Sarkin Noma ya tuɓe takalmi, ya zauna a tsakiyarta, ya ajiye goro.  Sa'an nan ya ce, "Mero, mun yi ɓanna. Ɗiyanmu sun kashe miki ɗa bisa tahwarnuwa. Ba mu da hujja gaban Allah. Ki yahe muna."

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Da ta lafa sai ta buɗe ƙwaryar ta tura masa.

"Sha, Sarkin Noma. Na yahe nawa, duniya da lahira." Ta share ido da gefen zane. "Amma Zayyanun da za ni hwaɗa ma ya tahi tun shekaranjiya. Ya bar sanda tai bakin bukka, ya yi gabas."

Kowa ya san abin da ke gabas: dajin masu bindiga. Abdulmutallib ya sha furar, don ba a mai da ita.

Sajo ya rako su har bakin hanya. Da Sarkin Noma ya ɗan yi gaba, sai ya kama hannun rigar Istifanus. "Likita, yaron nan..." Ya tsaya. Leɓensa ya motsa kamar mai son furta wani suna. Sai ya saki rigar ya ce, "Ku sauka lahiya," ya juya.

An aika mutane neman Zayyanu, Istifanus da kansa ya bi kasuwanni har ƙasar Rabah yana cigiya, ba a same shi ba. Tunga ta sake kiran 'yan sa-kai, suka zo suka yi kwanaki, da ba su ga komai ba suka koma. Ranar da abin ya zo, da hantsi ya zo, mutane na fadama suna gyaran gonaki don damina. Babura suka ɓullo ta burtalin nan da aka cinye. Wanda ya iya gudu ya faɗa gulbi. Abdulmutallib da ciwon ƙafa bai iya ba. A cikin gonarsa aka same shi, tare da wasu manoma da ba su taɓa ɗaga wa Ja'afar ko tsinke ba. Zaharaddeen ya je cin kasuwa a ranar, ko ƙwarzane bai samu ba. Wasu sun ce sun ga Zayyanu cikin maharan, wasu sun ce fuskokin duk a rufe suke.

Washegari 'yan sa-kai suka faɗa wa ruga. Mata da yara sun riga sun gudu, sun ja Goggo Mero da ƙarfi. Sajo ya ƙi tashi daga gindin aduwarsa. Nan suka same shi.

Istifanus ya sa rigarsa ta zuwa sujada ya tafi Tunga ta'aziyya. Afiniki ba ta hana shi ba, ta dai fara ɗaure kaya. Da ya isa ƙofar gidan Sarkin Noma, zaman makoki ya yi tsit. Zaharaddeen ya miƙe.

"Ga shi nan! Kai kas sa munka aje bindiga. Kai kaɗ ɗauki ubana bisa mashin kak kai shi sunka gane huska tai. Nawa sunka biya ka, infoma?"

Kalmar ta bi taron kamar wuta a busasshiyar ciyawa. A ƙasar nan a yanzu, wanda aka kira da wannan suna ba ya kwana. Samari suka fara tashi. Liman ya shiga tsakani ya buɗe hannuwa.

"Ba a ƙohwar mamaci ba! Jinin da anka zubar bai ishe ku ba?" Ya juyo wurin Istifanus, ya rage murya. "Likita, ni na san ba ka ci amana ba. Amma ba ni iya tsare ka sau biyu. Ka bar ƙasag ga."

"Allah shi jiƙan Sarkin Noma," in ji Istifanus. Mutum ɗaya ne ya amsa da amin, shi ne liman.

A majami'a ma ba a riƙe shi ba. Dattawa suka zo har gida, suka yi addu'a tare da shi, sa'an nan suka ce, cikin ladabi, zamansa na jawo wa sauran 'yan'uwa ido. Katikis ya kasa haɗa ido da shi.

Suka shiga motar Sakkwato, daga can za su nemi ta Zuru. Afiniki na gefensa, kayan zaman shekaru masu yawa a ɗaure a saman mota. Tun da abin ya faru ba ta ce masa "na gaya maka" ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Yana kallon fadama na wucewa, yana tambayar Ubangijinsa a zuci: Ka kira ni in sulhunta, na tashi da gudu, ga kaburbura. Da na zauna a gida kamar yadda matata ta ce, da an ƙone ruga tun ranar farko. Da na tafi, an ƙone ta daga baya, an ƙara da Tunga. Ina albarkar take? Bai ji an amsa masa ba.

Da suka kusa mararrabar Wurno ya taɓa kafaɗar direba ya ce akwai mai sauka.

"Sauka ina?" in ji Afiniki.

"An ce min matan rugga suna wajen Kwargaba gun danginsu. An kashe ma Goggo Mero ƙane, ba wanda yat tahi gaishe ta."

"Baban Rahila, Haɓe na neman kanka, Hillani na ce ma maƙaryaci. Wace magana kuma za ka kai?"

"Ba magana za ni kai ba. Gaisuwa ta."

"In ta kore ka hwa?"

"Sai in zamna daga nesa."

Direba ya yi hon. Afiniki ta dube shi, idonta ya cika, ranta a ɓace. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro ƙullin maganin hawan jininsa ta dangwara masa a hannu.

"Ina tashar Sakkwato. Ba ni shiga motar Zuru sai ka zo. In ka sa ni takaba cikin tasha, kai da Allah."

Ya sauka. Motar ta tashi ta bar shi a bakin titi, tsoho da ƙullin magani, rana na dukan kansa, yana tambayar masu babura wa zai kai shi Kwargaba. Biyu suka dube shi suka kau da kai. Na uku ya ce ya hau.

Ya Allah Mai rahama, Alƙalin da ba a ɓoye masa komai, ka ji ƙan Ja'afar da Sajo da Abdulmutallib, da duk waɗanda aka kashe a gonaki da rugage na ƙasar Rima ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ka karɓi bayinka da suka riga mu, ka ba su hutu a wurinka. Ka juyo da zukatan waɗanda suka shiga daji. Wanda ya karanta wannan kuwa, ka tsare shi da iyalinsa, ka ba shi kunnen da ke jin abin da baki ya kasa faɗi, kada ka bar shi ya gaji da neman sulhu. Albarkacin Yesu Almasihu. Amin.